Taku Ɗari Biyu Zuwa Shagon Mai Jarida

Ko tsufa ya kai ni inda zan manta sunan jikokina, ranar da aka mai da ƙafafuna ma'auni a Haɗeja ba za ta fita daga raina ba.

A unguwarmu akwai wani mai jarida, mutumin Filato. Shekara bakwai ina zama a bencinsa ina karatu kyauta, bai taɓa ɗaure min fuska ba. Da ciniki ya ja baya sai ya kawo na'urar cacar ƙwallo, shago ya cika da matasa. Dattawan unguwa suka kafa doka: duk shagon caca da bai kai taku ɗari biyu daga ƙofar makaranta ba, a fitar da na'urarsa. Sai dai ba wanda ya tuna ya faɗi takun wa.

Shugaban kwamitin dattawan, wani dogon Alhaji da ya taso yana bin shanu, ya auna ya samu ɗari da arba'in. Mai jarida ya ce bai yarda ba, wannan ai takun raƙumi ne.

"A kawo malamin makarantar," in ji shi. "Takun yara dai ake nufi."

Ni ne malamin, kuma kaf unguwar ba baligin da ban ɗaga kai in kalla ba.

Ranar Asabar da hantsi aka taru, har masu kifi suka bar tirensu. Ba zan ɓoye muku ba, na ƙudura sai na ceci bencina. Na dinga tafiya kamar mai ɗauke da ƙwaryar ƙwai, jama'a na ƙirgawa da ƙarfi.

"Malam, ƙaya ka taka ne?" Alhaji ya tambaya.

"Gwiwa ce, Alhaji."

Duk da wannan abin kunya, a ɗari da casa'in da bakwai goshina ya taɓa ƙofar shagon. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na juya zan ba mai jarida haƙuri, sai ya sure ni sama yana ihu. Can na hango matasa suna miƙa masa kuɗi, fuska a murtuke. Ashe tun daren jiya aka buɗe caca a kan takuna, shi kuma ya zuba a kan ba zan kai ɗari biyu ba.

"Malam, kada ka ji haushi," ya ce. "Ran Alhamis na bi bayanka na ƙirga, na san ko ka rage taku ba za ka kai ba."

Alhaji ya yi salati ya zauna a bencin nan dafe da kai. Aka fitar da na'ura a ranar, ni kuwa har yau "Saura Uku" ake kirana.

Abin da na koya shi ne, na'ura ana iya ɗauke ta a baro, amma son cacar yana cikin mutane. Kuma duk wanda ya rage takunsa don ya karkatar da doka, ya sani akwai mai ƙirga masa a baya.