Tarin Saje Tukur

Duk wanda ya zauna Malali a shekarun tamanin ya san Saje Tukur, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai taka baƙin keke kamar yana jin haushin hanya, kaki ya sha guga, fuska ba annuri. Bakatsine ne, tsohon soja. Da ya ajiye bindiga sai gwamnati ta ɗora shi a kan masu gadin gidan ruwan da ke bakin kogi, inda ake tace ruwan da rabin gari ke sha. Ba wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa bai sha faɗansa ba, kuma ba wanda ya bar wurin yana zaginsa.

Yana da hanyoyinsa. In an kawo masa sabon maigadi, kafin ya ba shi sanda da usur sai ya kai shi bakin famfo ya cika moɗa ya ce ya shanye, sannan ya gaya masa cewa wannan ruwan ne uwarsa za ta yi alwala da shi gobe. Ba ya kuma da takamaiman lokacin zagaye. Sai ya jingine keke can nesa, ya biyo ta cikin ciyawar bakin kogi, da hantsi ko da la'asar, yana sanɗa. Aikin maigadi shi ne ya riga shi gani ya daka masa tsawa. In kuwa Saje ya iso har ya dafa kafaɗarka, to ka shiga uku da tsiyar abokan aiki, don ko bayan shekara sai an tuna maka cewa an dafa ka.

Mutum ɗaya ne ba a taɓa dafawa ba, Labaran. Bazamfare ne, ya girmi Saje, kuma a kwano ɗaya suka ci abinci lokacin yaƙin basasa. Shi ke tsaron bakin babban bututun da ke zuƙo ruwa daga kogi, wurin da ya fi ko'ina hatsari. Saje na alfahari da shi, har yakan goranta wa matasa cewa tsoho ya fi su ido.

Wata shekara gari ya ɗan rikice, jita-jita ta bazu cewa akwai masu shirin zuba guba a ruwa. Masu ba gwamnati shawara kan tsaro suka zo suka zagaya, suka ce wa Saje ya duba mutanensa ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ido ko kunne ya fara gazawa a sauke shi. Suka tambaye shi batun tsohon da ke bakin bututu. Ya bugi ƙirji ya ce su bar wannan, ya tsaya masa.

Bayan sun tafi ne Hamisu, wani maigadi Bakano da bakinsa ba ya riƙe magana, ya ce cikin raha, “Saje, ai mu ma da kana yi mana tari kamar yadda kake wa Baba Labaran, da ba a taɓa dafa kowa ba.”

Saje ya yi masa tatas. Amma da ya koma gida ya kasa cin tuwo. Matarsa Hansai ta matsa, ya gaya mata, yana jiran ta taya shi jin haushi. Sai ta ce ita ma a wurin suna kwanan baya ta ga an miƙa wa Labaran goro, hannunsa ya wuce ta gefe. Ta ce kowa ya sani, malam, sai wanda ba ya son ya sani. Sai Saje ya tuna bishiyar mangwaron da ke kusa da bututu, da yadda maƙogwaronsa kan yi ƙaiƙayi a daidai nan kullum. Bai taɓa shirya yin tarin ba. Tsoro ya kama shi, don ya san in abin gaskiya ne, da hannunsa zai cire wa amininsa kakin da yake ji da shi fiye da komai.

Washegari da hantsi ya biyo ciyawa. Yana zuwa gindin mangwaro tarin ya taso, ya danne shi har idanunsa suka kawo ruwa. Ya daina sanɗa ma, ya fito fili ya tsaya a gaban Labaran, ba abin da ya kare shi.

Labaran na zaune a kan benci, baya a miƙe, sanda a cinya. Idanunsa a buɗe suke, sun yi fari-fari da yana. Kunnensa kuwa ya karkata wajen mangwaro. Saje ya daɗe a tsaye. Tausayi ya cika masa ciki, da kunyar cewa ya bar ruwan gari a hannun abota. Ya ɗaga hannu zai dafa kafaɗar, hannun ya ƙi. Sai ya ja da baya kaɗan, ya yi tari.

Labaran ya miƙe tsaye. “Tsaya! Wane ne nan?” Sannan ya sassauta murya. “Yau ka makara da tarin, Tukur. Tun ɗazu nake jin numfashinka. Na yi shiru ne don ka gani da idonka, na kasa faɗa maka da bakina.”

Saje ya riƙe hannunsa suka taka zuwa famfo, ya cika moɗa ya ba shi ya sha, shi kuma ya shanye ragowar. Labaran ya cire usur daga wuya ya miƙa, tare da sanda. Ranar aka sa Hamisu a bakin bututu, kuma Saje ya tara su duka ya ce kowa ya shaida, Labaran ya bar aiki ba a dafa shi ba.

Labaran ya koma Katabu wajen 'yarsa Zuwaira. Duk Juma'a bayan masallaci Saje kan taka keke har can, kuma bai fasa ba ko bayan da shi ma ya yi ritaya, gwiwa ta fara ciwo. Maƙwabta sun daɗe suna mamakin wannan dattijo da ba ya fara sallama in ya iso. Sai ya jingine keke, ya tsaya a ƙofar zaure, ya yi tari sau ɗaya, ya jira a daka masa tsawa daga ciki.