Takardar da ta kai ni garin mahaifina

Shekarun baya, ina saurayi mai ji da faransanci, na yi makonni ina neman wanda zai tsaya gaban alƙali ya ce ni ɗan ubana ne.

A Abijan aka haife ni. Mahaifina mutumin Adar ne, daga wani ƙauye arewa da Tawa, wajen Takanamat. Ya tafi bida, wato ci-rani, tun yana matashi, ya zauna can yana sayar da albasa, ya auri mahaifiyata, 'yar ƙabilar Jula daga arewacin Kwaddibuwa. Bai taɓa kai ni garinsu ba. Kullum sai ya ce baɗi, har ya rasu aka binne shi can. Bayan rasuwarsa rikici ya tashi a ƙasar, aka fara tare mutane a hanya ana duba sunayensu. Ni da ban san wata ƙasa ba sai na wayi gari baƙo a unguwar da aka yanke mini cibiya. Mahaifiyata ce ta ce mu tattara mu tafi ƙasar ubana.

Muka kama ɗaki a Tawa, tana soya ayaba a bakin hanya. A Abijan ɗan Nijar ake ce mini, a nan kuma na koma ɗan Kwaddibuwa. Hausata ma abin dariya ce. In na buɗe baki a kasuwa, kafin in rufe an ƙara wa kaya kuɗi.

Da aka buɗe jarrabawar ɗaukar malaman lakwal, makarantar boko, na shirya takarduna, sai aka ce saura nasiyonalite, wato takardar zama ɗan ƙasa. Akawun da na samu a kotu mutum ne mai haƙuri. Ya ce tunda a waje aka haife ni, sai na kawo takardar haihuwar mahaifina. Na ce bai taɓa mallakarta ba, katin shaidarsa ma ya ɓata a cikin gudu. Ya ce to in kawo dattijai biyu da suka san haihuwarsa kuma suka yarda ni ɗansa ne. Na fito ina murna, a zatona aikin kwana ɗaya ne. Ban ma tsaya na tambayi ko akwai wani sharaɗi ba.

Ran kasuwa na shiga mota da takalmina mai tsini da jakar takardu a hammata. Da la'asar na sauka ƙauyen, aka nuna mini baba, wan mahaifina, yana dawowa daga masallaci. Tafiyarsa tafiyar mahaifina ce, har yadda yake riƙe hannuwa a baya. Sai da na juya kai na share ido kafin in durƙusa in gaishe shi.

Ya karɓe ni yadda ake karɓar baƙo. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa da fura. Amma da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya kau da kai.

"Ƙanena ya tahi, bai aiko muna da labarin ɗa ba," in ji shi. "Ban iya rantsuwa bisa abin da ban gani ba."

Na fito da hotuna, bai karɓa ba. Kwana uku na yi a garin. Salla biyar muna sahu ɗaya, kafaɗata na taɓa tasa, in an sallame ya ba ni hannu kamar kowa, ya wuce.

Goggona, yayar mahaifina, ita ta kira ni ɗakinta ta warware mini. Ta ce kada in ɗauka bai gane ni ba, gona ce ta riƙe masa baki. Zamanin kakana gandu ɗaya ke ciyar da gida ɗaya, har a bar wani gefe ya huta. Yanzu 'ya'yan baba sun yi aure, 'ya'yansu sun taso, gonar kuwa ba ta ƙaru da taki ɗaya ba. Gabas da yamma da kudu gonakin mutane ne, arewa kuma hurumin dabbobi, ba mai ikon sa gatari. Rabon mahaifina yana ciki, suna nomawa tun tafiyarsa. In baba ya ce ni ɗa ne, ya ce ni magaji ne.

Na koma na same shi, na ce, "Baba, wallahi ba gona nake so ba, takarda nake so."

Ya ce, "Kai ka ce. Ɗiyanka hwa?"

Na je wurin liman ina sa ran zai taushe shi. Ya saurare ni, ya ce gado Allah ne ya raba, ba a soke shi da alkawarin baki. In nasaba ta tabbata, rabona ya tabbata, sai bayan nan in yi abin da na ga dama da shi. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ta ƙara ɗaure ni.

Goggo ta ce ita za ta tsaya mini, na biyu kuma in je bakin rijiya in nemi wani dattijon Buzu da ake ce wa amgar, wato babba a harshensu. Na same shi zaune yana lura da raƙuma na shan ruwa. Ban gama gaisuwa ba ya gane kamannina, ya kira sunan da ake kiran mahaifina da shi yana yaro, sunan da ni kaina sau ɗaya na taɓa ji. Ya ce duk kaka iyayensa kan sauka a gonar kakana, dabbobi su ci kara su bar taki, a ba su hatsi. Shekarar da aka haifi mahaifina suna sauke a gonar, ya ci naman sunan. Tare suka yi kiwo har ranar da mahaifina ya hau mota. Ya tambaye ni ko yana raye, na ce ya rasu. Ya ja rawaninsa ya rufe fuska.

Mu uku muka zo Tawa. Akawu ya ce shaidu su kawo katinsu. Goggo ta kwance bakin zane ta fito da nata, wanda aka yi mata lokacin wani zaɓe. Amgar ya tambaye ni me ake nema, na gaya masa. Ya ce bai taɓa yi ba, ba wanda ya taɓa tambayarsa. Ya dubi akawu ya ce rijiyar da ƙauyenmu ke sha kakansa da kakan mahaifina suka gina ta, in ana son shaida a je a gani. Akawu ya miƙe tsaye don girmama shi, ya ba shi haƙuri, ya ce doka ba ta ba shi ikon rubuta shaidar wanda ba shi da kati ba.

Dattijon bai yi fushi ba. Ni ne na zauna a inuwar bango na kasa ɗaga kai, na wahalar da tsofaffi biyu a banza, ga shi saura kwana tara a rufe karɓar takardu. Na raka su tasha, na koma gida na ce wa mahaifiyata shi ke nan.

Kwana biyar bayan haka, da hantsi, aka yi sallama a ƙofarmu. Baba ne, da riga ta zuwa Juma'a, goggo na bayansa. Mahaifiyata ta durƙusa ta gaishe shi da 'yar Hausarta. Bai yi zancen takarda ba. Ya tambaye ta yadda ƙanensa ya cika, wa ya yi masa wanka, ko an samu jama'a a jana'iza. Tana faɗa ina fassarawa. Da ta ce mutanen Adar da ke unguwar ne suka ɗauki gawar da hannunsu, sai ya ce alhamdu lillahi. Sannan ya ce mu tafi.

Alƙali ya tambaye shi ko ya san ni.

"Ɗan ƙanena na," in ji shi. "Tun da ya sauko mota ni gane shi."

Daga baya goggo ta gaya mini abin da ya faru. Ran Juma'a, bayan an sauko, amgar ya tare baba a gaban mutane, ya ce masa, "Ni ba ni da takarda, ba ni da gona, na je na shaida. Kai da ke da su duka, mi za ka hwaɗa ma ƙanenka ran da kunka haɗu?" Baba ya juya ya bar wurin. Ya koma gida ya sa aka nemo katinsa a cikin adaka.

Na samu takardar, na ci jarrabawar. Da damina na koma ƙauyen. Baba ya ja ni gona, ya bi da ni kan iyaka inda aka dasa gamba, ya nuna mini rabon mahaifina. Na taka shi da ƙafa daga wannan gefe zuwa wancan, ban ko yi gumi ba. Kan wannan ɗan wuri dattijo ya kusa musun jininsa. A gaban liman na ce na ba su kyauta. Baba ya ƙi. Ya ce za su ci gaba da nomawa, amma a bar shi da sunana.

Na daɗe ina riƙe da shi a zuciya, ba zan ɓoye ba. Sai da na yi iyali, na san nauyin bakunan da ke jiranka, na fara gane cewa tsoro ne ya kama shi, kuma ya fi ƙarfin tsoron a ranar da ya hau mota zuwa Tawa. Yau ina koyar da yara taswirar Nijar, ina zana musu iyakoki a allo. Duk lokacin da na ja layin sai in tuna amgar. Ya rasu can arewa wajen kiwo, sai bayan watanni labari ya iso mini. Ni da aka haifa a bakin teku sunana yana cikin littafin ƙasa, shi kuwa da kakanninsa ke kwance a cikinta ya tafi ba a taɓa rubuta shi ba. Na kasa samun amsar da zan ba kaina a kan wannan.

Baba ma ya rasu, goggo ta bi shi. Allah ya jiƙansu duka. 'Ya'yan baba ke noma wurin yanzu, kuma duk kaka sai sun ɗora wa mota damin gero guda, a sauke a ƙofar gidana. Ban taɓa roƙa ba, na sha ce musu su bari, sun fi ni bukata. Bana ruwa ya yanke da wuri, na san rumbunsu bai cika ba. Damin ya iso duk da haka.