Tulun Zumuntar Mata

Bum, bum, bum. Har yau idan na rufe ido ina jin tulun zumuntar mata, wanda ake buga bakinsa da soso a 'yar majami'armu ta ƙauye, kusa da Kibiya. Ranar Alhamis ce da yamma, ina zaune a bencin baya, 'yata tana wasa da ƙasa a gabana. Shekararta biyu da rabi, ba ta taɓa furta kalma ɗaya ba.

Ita ce 'yar farina. Tun kakanninmu muke bin Almasihu, amma kunyar ɗan fari ba ta bar gidanmu ba. Ban taɓa kiran sunanta ba. In ina son ta, sai in taɓa kafaɗarta, ko in ja hannunta. Uwar mijina takan ce, "Rabu da ita, ubanta ma sai da ya shekara uku yana zare ido kamar mujiya." Wani lokaci in yarda, wani lokaci in ji kamar ni na rufe mata baki.

Ranar nan na roƙi mata su sa ta cikin addu'a. Mai buga tulun, wata dattijuwa mai barkwanci, ta dube ni.

"Malama, yara nawa kike kiran sunansu a aji kullum? Taki ɗaya ta gagare ki?"

Aka yi dariya. Matar fasto ta dafa ni. "'Yata, Ubangiji ma da suna yake kiran nasa. Kira ta."

Da aka ɗauki waƙa, sai na laɓe cikin muryoyinsu na kira ta a hankali. Ba ta juyo ba. Na ɗaga murya har matar da ke kusa da ni ta ji. Shiru, ƙeyarta kawai nake gani. Fushi take yi da ni? Ko ba ta san sunan a bakina ba? Ko na makara ne, Allah ya riga ya gaji da jirana? Na rasa wanda zan tambaya.

Can sai ta miƙe, ta ratsa tsakanin zannuwan mata, ta je ta rungume tulun. Ta kwantar da kumatunta a cikinsa, ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce, "Bu, bu."

"Ta amsa," in ji matar fasto, idonta da ƙwalla.

Ban gane me ta amsa ba, tunda ba ni ta zo wa ba. Amma na riƙe wannan "bu" ɗin kamar irin shuka a bakin zane. Tun daga ranar, kowace safiya nakan ɗora ta a ƙirjina in yi addu'a da ƙarfi, in faɗa wa Yesu sunanta sau da yawa. Ita kuma ta sa tafin hannunta a maƙogwarona ta yi lamo. Ban san ko ana jina ba, a sama ko a ƙasa. Na dai ci gaba.

Sai da ta shekara biyar muka kai ta asibiti a Kano. Likita ya ce tun zazzaɓin da ta yi tana wata takwas ba ta ji. Ba ta ji kirana ba a ranar, ba ta ji tulun ba. Rawar jikinsa ce ta ratsa kumatunta. Ya ce haka ma muryata take isa gare ta, ta wannan hannun da take sawa a wuyana.