Baƙon Ƙarshe na Doña Ermelinda

Shingen waya ɗaya ya raba gonata da ta Doña Ermelinda Oyarzún, kuma tun ina saurayi ban taɓa ƙetare shingen nan na dawo da yunwa ba. Ko aron gatari ka je, sai ta zaunar da kai gefen murhu ta turo maka burodi mai zafi da cuku. Ka ce ka ƙoshi, ta ce ai ba tambayarka ta yi ba. Mijinta, marigayi Don Belarmino, ya sha faɗa mini cewa bai san ɗanɗanon cinyar kazar gidansa ba, kullum sai an sami baƙon da za a miƙa wa.

Bayan rasuwarsa gidan ya yi tsit. Shanu suka ragu, gonar dankali ta tsuke, ciyawa ta cinye hanyar da ke gangarawa tafki. 'Yarta tilo, Maritza, wadda ke aikin jinya a birnin Osorno, ta tasa ta gaba da magana ɗaya: ta tattara ta koma wurinta.

"In koma in yi me? In zauna a saman bene ina ƙirga motoci? Nan aka kawo ni amarya, nan za a fitar da ni," in ji tsohuwar.

Da Maritza ta ga lallashi bai ci ba, sai ta kawo dabara. Duk watan Janairu, wanda a wurinmu shi ne tsakiyar bazara, wurin kafa tanti na gandun gwamnati da ke bakin tafki cika yake, motoci su yi ta juyowa ta hanyarmu suna neman inda za su kwana. Ta sa aka share makiyayar da ke kallon ruwa, aka gina bayan gida, aka kafa allo a bakin hanya cewa akwai wurin kafa tanti na haya.

"Mama, in wannan ya riƙe ki, shi ke nan, ki zauna. In bai yi ba, ƙarshen bazara zan zo da akwati. Sharaɗi ɗaya ne: ki ƙyale mutane. Waje suka zo kwana, kin ji ko?"

"Na ji," in ji ta. Ni da nake tsaye a wurin na san ba ta ji komai ba.

Baƙin farko wani likitan haƙori ne daga Santiago da matarsa. Suna cikin kafa tanti na ji ana ƙwala mini kira ta kan shinge.

"Abelardo! Zo ka ga abin tausayi. Mota kamar ta gwamna, amma a ƙasa za su kwana. Ko gidansu aka ƙwace?"

"Haba maƙwabciya, da gangan suke yi. Hutu ke nan a wurinsu."

"Da gangan? Da hankalinsu?"

Ta tsaya tana leƙe har ta hango matar likita ta yage wata 'yar takarda tana zazzaga gari a ruwan zafi. Nan fa haƙuri ya ƙare. Ta gangara da tukunyar farfesun kaza a hannu, tana zuwa ta leƙa abin da ke kan wuta.

"'Yar nan, siminti za ki ba mijinki? Zubar wa kare. A'a, kar ki ba shi ma, ina son karena."

Kafin rana ta faɗi ta tura musu katifa a baro. Da gari ya waye da yayyafi, ta ce ƙafarta ƙafarsu, sai cikin gida. Likita ya yi ta bayani cewa tantin nasa ba ya yoyo, an gwada shi a kan dutsen ƙanƙara. Ta ce to madalla, tantin ya kwana a waje tunda shi aka gwada.

Haka aka fara, haka kuma aka ci gaba. Duk wanda ya shigo, sai ta bar shi ya gama wahalar buga turaku, don ta ce bai kyautu a hana mutum wasansa ba, sannan ta aiko a ce an shimfiɗa masa gado. Waɗanda suka fi ba ta wuya wasu saurayi da budurwa ne masu hawan duwatsu, ramammu, da gashi duk a cukurkuɗe. Suka ce, "Kaka, mu fa iskar Allah muka zo sha." Ta ce su sha lafiya. Sai ta kafa kaskon suya daidai inda iskar ke bi ta kansu, ta shiga suyar fanke tana waƙa. Ba a kwana biyu ba na tarar da su a kicin suna feraye dankali, ita kuma tana tsefe wa yarinyar kai.

To, mu a nan wanda ya ci abincin gida yakan kama aikin gida, ba sai an roƙe shi ba, kuma Doña Ermelinda ba ta ga dalilin da zai sa mutanen birni su fita daban ba. Ana gama karin kumallo take rabon aiki. Likitan haƙori ya yi faskare har tafin hannunsa ya yi bororo. Wata shugabar makaranta ta koyi tatsa, bayan saniya ta zubar da ita sau biyu. Wani lauya mai tumbi ya gyara shingen da ni da marigayi muka shekara goma muna cewa gobe. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne murna suke yi! Suna ɗaukar hoton kumburin hannunsu suna aika wa 'yan uwa, 'yan uwan kuma su cika mota su taho.

Gadaje suka ƙare. Ta ba da ɗakin Maritza, ta ba da dogon bencin bayan murhu, daga ƙarshe ta ba wata mai tsohon ciki nata gadon. Ita kuwa ta ɗauki bargo ta shige tantin likita. Makiyaya cike da tantuna masu launi iri-iri, kuma duk cikinsu mutum ɗaya ke kwana, mai gonar.

Na ce, "Yanzu ke da ciwon gwiwarki?"

"Ni ai ba baƙuwa ba ce, ko'ina na kwanta daidai ne. Amma Abelardo, mutanen nan suna da matsala. Wannan abin ko juyi ba ka yi sai ka sha bango."

A haka Maritza ta same ta ƙarshen Fabrairu, da sassafe, tana rarrafowa daga tanti da baya da baya. Ina kusa ina ba maraƙi ruwa, don haka komai a kunnena.

"Mama! Na ce ki sa baƙi a tanti, sai kika sa kanki? Kina tari, dubi ƙafarki yadda ta kumbura! Wallahi yau ɗin nan za mu tafi."

"Sannu da zuwa. Kin karya?"

"Ba wasa nake ba, Mama."

Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, ta karkaɗe siket. Sannan ta ce, "Tun da babanki ya tafi ban yi barcin kirki ba sai bana. Ina kwance a nan ina jin munsharin lauya daga cikin gida, sai in ji hankalina ya kwanta. Ki bar ni mana."

Amma Maritza ba ta sauka ba. "Bazara ai ƙarewa za ta yi. In sanyi ya zo kika faɗi, wa zai ɗaga ki?"

"To ni dai ba na fita in bar baƙo a gidana. Ba a taɓa yi ba."

"Na yarda. Ranar da baƙon ƙarshe ya tafi, ranar zan zo. Kin amince?"

Tsohuwar ta amince.

Maris ya shigo, makarantu suka koma, motoci suka yi ta fita ɗaya bayan ɗaya, kowacce da kwalbar jam na shafa wa burodi da buhun dankali. Likita ya bar mata tantinsa kyauta, ta naɗe ta jefa a rumbu. Ran Juma'a mota ta ƙarshe ta tafi. Doña Ermelinda ba ta iya ƙarya ba, da kanta ta buga wa 'yarta waya. Da yamma na hango ta tana bin kajinta tana yi musu magana. Ko abincin dare ban iya ci ba.

Matata Clorinda ta dube ni ta ce, "Kai dai ba ka da dabara ko ta sisi. Tashi ka zagaya maƙwabta."

Ran Asabar da hantsi, ana tsuga ruwa, motar Maritza ta shigo. Ta fito da akwati, sai ta ci birki. A tsakiyar makiyaya ga tantin likita a karkace, ga ni zaune a bakinsa cikin bargo, ruwa na ɗiga daga hulata, uwarta kuma na tsaye kaina da lema da kwanon farfesu tana zagina a kan na ƙi shiga gida.

"Baba Abelardo, me nake gani haka?"

"Hutu na zo, 'yata. An ce wurin nan da kyau."

"Gidanka fa ga shi can, ina hango hayaƙinsa!"

"Shi ya sa na zaɓi nan, ba nisa. Sati guda zan yi. In na tashi, Doña Fresia mai zuma ta kama wuri, bayanta masu injin katako, bayansu matata, ta ce ita ma tana son ta huta da ni. Gaskiya wurin a cike yake har bazara ta zagayo."

Maritza ta dube ni, ta dubi uwarta, ta fashe da dariya, dariyar kuma ta juye ta zama kuka. Ta daɗe a tsaye ruwa na dukanta. Sannan ta buɗe bayan mota ta mayar da akwatin.

"In ta yi tari ko sau ɗaya, a kira ni," ta ce.

Doña Ermelinda ta share ido da gefen gyale, ta dangwara mini kwanon a cinya.

"Ci maza ka tashi, malam baƙo. Garke na jiran shara."