Sha Biyu da Jakar Tafiya

Sha Biyu ake ce masa, saboda sifana mai lamba sha biyu da ba ta rabuwa da aljihun rigarsa. Shekara arba'in yana gyaran babur a rumfa ɗaya, gefen titin da manyan motoci ke bi. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan tsaki. In ka kawo masa babur kana ta zuba bayani, ko kallonka ba zai yi ba. Cewa zai yi ka tayar, ya karkata kai ya saurara, sannan ya gaya maka ciwon, har da sakacin da ka yi wajen canza baƙin mai.

Ƙane ɗaya gare shi namiji, malamin lissafi, kuma Sha Biyu ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Malam gwani ne a gaban allo, amma ko ƙusa bai iya bugawa ba. Laifin yayan ne, don duk abin da ya lalace a hannun Malam, kafin ya buɗe baki an karɓe an gyara. Tun suna samari suke cewa wata rana za su hau babura biyu su je wajen autarsu, wadda aure ya kai garin da ke tafiyar kwana uku. Sai bana, da Malam ya ajiye aiki, ya sayi ƙaton babur na doguwar tafiya ya ce lokaci ya yi.

Sha Biyu ya ce aiki ya yi masa yawa, Malam ya tafi kawai. Ba gaskiya ba ne. Hannunsa na dama ne ya fara rawa, wata shida ke nan, kuma a zatonsa ba wanda ya sani sai maiɗakinsa, da take ganin shayi na zuba a rigarsa. Ya san hannun da ya kasa riƙe kofi ba zai riƙe birki kwana uku ba. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, ga kuma tsoron kada ƙanensa ya maƙale a daji shi kaɗai, mutumin da bai san ta ina ake kwance noti ba.

Wata safiya Malam ya zo rumfar da akwati mai walƙiya da ya sayo a kanti.

"Yaya, ga kayan gyara. Guda ɗari da takwas ne a ciki."

Sha Biyu ya ɗauki sifana ɗaya, ya auna nauyinta a tafin hannun hagu, ya ja tsaki.

"Wannan ai cokali ne, Malam. Kai wa matarka ta juya miya."

Ya shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa ya kafa doka. Ba mai kanti ne zai zaɓa wa babur kayansa ba, babur ɗin ne da kansa. Malam zai yi duk gyaran da kan kama mutum a hanya, da hannunsa. Ƙarfen da aikin ya nema, a ɗora shi kan buhu. Wanda bai nema ba, ko na zinariya ne, ya zauna a gida.

Kwana takwas suka yi a haka. Sha Biyu na kan benci, ya tura hannun dama cikin aljihu, yana koyarwa da baki. Malam ya cire fulogi ya mayar, ya canza wayar kuloci, ya ɗaure sarƙa, ya ƙuje yatsu uku. Buhu ya riƙa cika a hankali: filaya, sukudireba mai baki biyu, libar taya, faci da sholisho, ƙaramin famfo, fiyus huɗu, waya da salatif. Maiɗakin Sha Biyu ta yanka tsohon tamfol ta ɗinka jaka mai naɗewa, kowane ƙarfe da gurbinsa. Gurbi ɗaya ne ya rage ba komai a ciki, na sifana mai lamba sha biyu. Duk sanda za a ɗaure sarƙa sai Malam ya ari ta aljihun yayansa, ya goge ya mayar. Sha Biyu kullum cewa yake gobe zai samo masa wata mai kyau.

Ranar ƙarshe aka zo kan tayar baya. Babban notin ya kafe, Malam ya yi ta nishi a banza. Sha Biyu ya kasa daurewa. Ya miƙe, ya zura guntun bututu a bayan sifanar don ta ƙara tsawo, ya ce, "Matsa ka gani." Ya kama, hannun ya hau kaɗawa, ƙarfen ya suɓuce ya faɗi kan siminti da ƙara.

Malam ya sunkuya ya ɗauka, ya mayar kan notin, ya danna bututun da ƙafa, notin ya saki. Ya ɗora bututun kan buhu, bai ɗago ido ba. Sha Biyu ya koma benci cike da kunya.

Ran tafiya da hantsi Malam ya tsaya a ƙofar gidan yayansa don sallama. Sha Biyu ya zagaya babur ɗin yana neman abin kushewa, sai ya ga an raba kayan biyu an rataya su a gefe da gefe. Kujerar baya ba komai a kai sai hular kwano.

"Wa ya koya maka ɗaurin kaya haka?"

"Yaya, jakar nan ba ta cika ba. Saura sha biyu. Na kuma lura ba ta yarda ta bar aljihunka, to sai a tafi da aljihun."

"Malam, hannuna..."

"Na gani tun watan jiya, da kake sa hannu a takardar makarantar jikanka. Hannu ai ka ba ni. Kunne ne ba ni da shi, kuma ba a sayar da shi a kanti."

Sha Biyu ya juya zai nemi goyon bayan maiɗakinsa, sai ga ta a bakin ƙofa da jakar kayansa a ɗaure, har da maganinsa.

"Au, da ke aka haɗa baki?"

"Hau ka tafi, maigida, rana na yi," in ji ta.

Shekara arba'in bai taɓa zama a bayan wani ba. Da fari ya sandare, yana taka birkin da babu shi. Da suka bar gari hanya ta miƙe, sai ya saki jiki, ya karkata kai kamar yadda ya saba. Sun yi kamar awa biyu ya taɓa kafaɗar ƙanensa.

"Sarƙa ta ɗan saki. Tsaya gindin bishiyar can."

Malam ya tsaya, ya warware jakar a ƙasa. Sha Biyu ya zaro sifanar daga aljihunsa, hannun na rawa a fili, bai kuma ɓoye shi ba. Da aka gama Malam ya goge ta ya miƙo masa.

"Sa ta a gurbinta," in ji Sha Biyu.