Farantin Lambar da Soda Ta Cinye

A duk shekarun da na yi ina fentin mota, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wata Talata a tsakiyar damina, lokacin ina babban mai fenti a garejin Alhaji Lawal, nan bakin titi a Kankia. Ku da kuka shigo sana'ar daga baya, ya kamata ku ji yadda aka yi.

Mu uku ne manya a garejin. Alhaji Lawal shi ne maigida, shi ke karɓar aiki kuma shi ke yanke magana. Iro ke walda da bugun jikin mota. Ni kuma fenti ne nawa, tun daga cire tsoho har shafa sabo.

A bayan garejin Alhaji ya gina kwarmin siminti a ƙarƙashin rumfar kwano, girmansa ya ɗauki jikin mota guda. Ruwa ake cikawa, a narka soda a ciki, irin wadda ake sabulu da ita, sai dai tamu ta fi ƙarfi nesa. Tsohuwar motar da aka yi wa fenti kan fenti, in ka ce da samfefa za ka goge ta, sai ka yi wata ba ka kai lunguna ba. Shi ya sa ake kwance inji da gilasai da kujeru da wayoyi, a bar ƙarfe zalla, a ɗaga da sarƙa a tsoma. Bayan kwana biyu ko uku fenti ya saki kamar ɓawon dafaffen rogo. Sai a wanke, a bi da ruwan asid don tsatsa, a sake wankewa, a busar, a fesa fentin farko a ranar. Doka ɗaya ce babba. Soda ba ta cin baƙin ƙarfe, amma tana narkar da alminiyam, farin ƙarfen nan mara nauyi, kuma in tana cin sa takan fitar da wata iska mai kama wuta.

Motar da aka kawo ta Malam Habibu ce, malamin Islamiyya daga Kaikai ta ƙasar Kusada. Tsohuwar a-kori-kura ce ƙirar Faransa, wadda marigayi mahaifinsa ya yi jigilar hatsi da ita zuwa kasuwannin ƙauye. Ta daɗe a ajiye a gindin bishiyar bedi, da tarakta ma aka jawo ta. Malam ya ce yana son ta tashi tun mahaifiyarsa na da rai, don kullum ta leƙo ta gan ta a durƙushe sai ranta ya ɓaci.

Ya buɗe bonet ya nuna mana wani ɗan faranti kamar tafin hannu, fenti ya rufe shi ba a ganin komai. Ya ce, "Takardunta gara ta cinye su cikin akwati. Lambar jikinta tana kan wannan farantin. Da ita zan je a yi mani sababbin takardu, ba ni da wata shaida."

Farantin na alminiyam ne. Aka tsayar cewa zan cire shi in wanke shi da hannu a hankali.

Ranar Talatar Alhaji zai tafi Kano sayen fenti. Yana kan shiga mota ya waiwayo ya ce, "Sani, farantin nan fa."

Na ce, "An gama, Alhaji."

Ban cire ba. Hadari ya haɗo tun safe, mutane huɗun da muka roƙa su ja mana sarƙa suna ta gaggawar tafiya gona, ni kuma ina neman safar hannuna ta roba. Da hantsi muka sauke jikin motar cikin kwarmi, kowa ya watse.

Bayan azahar na zo wucewa, sai na ga ruwan yana ɓulɓulowa ta gefen gaba kamar kunu ya fara tafasa. Na tsaya ina kallo, sannan na tuna da farantin. Iro kuwa yana nan taku kaɗan daga wurin yana walda, tartsatsi na tashi. Na ruga na kashe injin waldar.

Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Lafiya? Mi ya faru?"

Na nuna masa ruwan. Na ce, "Farantin Malam yana ciki."

Mu biyu ba za mu iya ɗaga motar ba. Na bi titi da gudu har tasha, ina roƙon duk wanda na sani. Wannan ya ce yana lodi, wancan ya ce ba ya zuwa kusa da ruwan da ke cin fata. Da ƙyar na samu direbobi biyu da wani mai faci. Kafin mu ja sarƙar gaban motar ya fito, an kusa kiran la'asar. Na watsa ruwa a wurin na duba. Ƙusoshin da suka riƙe farantin suna nan, shi kuwa ya koma kamar ganyen da tsutsa ta ci. Ina taɓa shi ya marmashe.

Iro ya ja ni gefe ya rage murya. Ya ce akwai irin motar a mace wajen wani mai sayen gwangwan a Rimaye, in je in ɓamɓaro farantinta, shi zai kafa shi yadda ba mai ganewa. Ba zan yi maku ƙarya ba, na hau babur na tayar da shi. Na daɗe zaune a kai inji na aiki, na kasa tafiya, na kasa sauka. Daga ƙarshe na kira Alhaji a waya na gaya masa komai, har da shawarar Rimaye.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Lambar wata mota? In ta sata ce fa? Malamin makaranta kake so a tsare a shingen 'yan sanda gaban jama'a? Ku mayar da ita cikin ruwa kada fentin ya bushe. Kai ka yi, kai za ka je ka faɗa mashi."

Washegari na kama hanyar Kaikai. An yi ruwa, hanya duk caɓi, sau biyu ina sauka ina tura babur. Duk tsawon hanyar ina shirya magana ina rushewa. Na iske Malam a zaure ya tashi ɗalibai ke nan. Muka gaisa, ya sa aka kawo mani ruwa, na kasa sha.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ɓarna na yi maka. Farantin da ka damƙa mana, na manta ban cire ba, soda ta cinye shi."

Ya ce, "Duka?"

Na ce, "Duka."

Ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. Ya ce, "Ba zan ɓoye maka ba, ban ji daɗi ba. Abu guda na roƙe ku." Sai muryar mahaifiyarsa ta fito daga bayan ƙofa, ashe tana jin mu. Ta ce, "Habibu, mutum ya biyo caɓin nan da ƙafarshi ya faɗa maka gaskiya. Ka bar shi ya sha ruwa." Malam ya tura mani kwanon, ya ce mu ƙarasa aikin, ko ba ta hau titi ba a ga ta tsaya da ƙafafunta.

Kwana biyun da suka biyo baya ban zauna wuri ɗaya ba. In zagaya kwarmi, in koma ɗakin fenti, in sake fitowa. Alhaji ya dawo daga Kano, ban da gaisuwa bai ce mani uffan ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Ranar Juma'a da safe muka ɗaga ta. Fenti kala uku ya zube, abin cike lotsa da masu gyaran baya suka lafta ya faɗo, ƙasan motar duk huji. Muna cikin wanki Iro ya tsaya yana shafa ƙarfen da ke gefen mazaunin inji. Ya ce, "Sani, kawo alli." Ya goga allin, ya hure. Lambobi suka fito a jere, bugun masana'anta ne a jikin ƙarfen kansa, fenti ya binne su shekara da shekaru. Da a ce da samfefa muka yi aikin, da wataƙila mun shafe su ba mu sani ba. Sai dai tsatsa ta ci guda ɗaya, ba a gane ko uku ce ko takwas.

Wannan lamba ɗayar ta wahalar da Malam. Sai da ya je kotu ya yi rantsuwa a rubuce cewa motar gadonsu ce, sannan jami'in duba motoci ya zo gareji ya gani da idonsa. Makonni aka yi ana kai da kawowa, ya rasa ranakun karatu da na gona. Sau biyu ni na ɗauke shi a babur. Bayan kaka takardu suka fito. Muka fesa mata fari, aka gyara inji aka mayar, Iro ya tuƙa ta har Kaikai. Ya ce tsohuwar ta shiga gaba ta zauna, ta ce a kai ta bakin gonar marigayi a dawo.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki shi ne, kada ka ce "an gama" sai abin yana hannunka. Kuma a wannan sana'a ɓoye laifi ba wuya, fenti ma aikinsa ke nan, shi ya sa jarabar take da ƙarfi. Na ga masu mota da yawa sun yafe ɓarnar da aka faɗa masu a zaure. Ban taɓa ganin wanda ya yafe wadda ya gano da kansa a tsakiyar hanya ba.