Illiya da Moter Mai Cin Rawani

Illiya makanisiye ne, mutumin Madawa. Ya zo Agadez da niyyar wucewa Djado neman zinari, sai kamiyon da ta ɗauko shi ta mutu a bakin tasha. Ya shiga ƙarƙashinta ya gyara. Da ya fito, ya iske masu mota uku sun yi layi suna jiransa. Shekara goma ke nan bai taka Djado ba.

Kunnensa na hagu ya toshe tun yana yaro, amma da shi yake sauraron moter, wato injin mota, wai na dama surutun mutane kawai yake kwasowa. Kafin ya kwance moter sai ya gaishe shi, ya tambaye shi inda ke masa ciwo. Kuma ba ya taɓa mayar da shi cikin mota sai ya tashe shi a ƙasa ya ji muryarsa.

Wata rana Alhaji Hamidu, mai jigilar albasa daga Tabelot, ya sa aka jawo masa kamiyonsa, tsohuwar da ta girmi Alhajin da shekara biyu.

"Malam Illiya, tari take yi kamar kakata."

"To a sauke mata zuciyar mu gani, Alhaji."

Kwana goma sha biyu Illiya yana aiki. Ya wanke kowane ƙarfe da gazuwal, wato man dizal, ya canja zobban pisto, ya ɗaure komai. Ran gwaji aka ɗora moter kan gungumen icce a tsakar garaj, aka jona batiri biyu da jarkar gazuwal. Hamidu ya zo da sabon rawani fari tas, ya ce a ɗaure moter da sarƙa tukuna.

"Haba Alhaji, dattijo ne. Ina za shi?"

Moter ya yi atishawa sau biyu, ya tashi. Illiya ya kara kunnen hagu yana murmushi. Can sai ƙarar ta fara hawa. Ya rufe gazuwal, moter ya ƙi tsayawa, don ashe man shafawa ya yi masa yawa, shi yake zuƙa yana gudu da shi. Hayaƙi ya turnuƙe. Ga kuma rawar jiki: moter ya fara tafiya da gungumensa, taƙi bayan taƙi, ya doshi rumfar Hajiya Asabe mai shinkafa da wake, wadda ke jikin garaj.

"A toshe masa hanci!" in ji Illiya. "In bai sha iska ba zai mutu! Alhaji, rawaninka!"

"Jiya na saye shi!"

Illiya bai ji ba, don da kunnen hagu ya juya masa. Ya cafko bakin rawanin ya tura a mashaƙar iska. Moter ya ja. Hamidu ya yi juyi uku a tsaye kafin rawanin ya rabu da kansa, ya shige ciki gaba ɗaya, aka bar shi da sanƙo a rana. Moter ya yi gyatsa, ya ci gaba.

Masu cin abinci suka watse da kwanoninsu. Asabe kuwa ko tashi ba ta yi ba sai da ya zo dab da murhu. Ta ɗauki murfin babbar tukunya, ta kifa masa a hanci, ta danne da gwiwa.

"Kai, marar kunya, ka biya ne za ka shigo?"

Moter ya yi kakari, ya yi shiru.

Illiya ya zauna a ƙasa yana haki. Abin da ya fi masa zafi, a gaban jama'a dattijon moter ya ci amanarsa. Sai ya ce, "Amma dai kun ji muryar, ko? Babu tari."

Dole aka sake kwance moter. Kwana uku Illiya yana zaro zaren rawanin da tsinke, ya tara a leda, ya miƙa wa Hamidu da hannu biyu, yana ba shi haƙuri. Gwaji na biyu an yi shi da sarƙa, Asabe na tsaye da murfi, kuma sai da kowa a garaj ya yarda ya riƙa kiranta Patoro, wato shugabar garaj. Moter ya tashi lafiya, aka mayar da shi mazauninsa.

Hamidu ya koma Tabelot da hular aro. Matarsa Mariya ta buɗe ledar, ta shinshina, ta ji warin gazuwal, ta ce wannan ba ya wankuwa, ta cusa zaren a matashin kansa. Ya yi wata guda yana mafarkin yana tuƙi.